Harara-Garke Ta Sake Idanu

Duk mai yin sammako a hanyar Gaya zuwa Ajingi ya san Gwadabe, in bai san sunansa ba to ya san motarsa. Bas ce da aka haifa fara, yanzu launinta ya tsaya tsakanin fari da ƙasa, kujera goma sha huɗu, ƙofa ɗaya wadda sai an sa hannu biyu take buɗuwa. A Balan aka haife shi, na biyar cikin 'ya'ya tara, gidan manoma gaba da baya. Mahaifinsa ya so ya riƙe fartanya, shi kuwa tun yana ƙarami da ya ji ƙugin mota sai ya yar da ita ya ruga bakin titi. Ya yi wankin mota a tashar Gaya, ya bi wata akori-kura mai ɗaukar gyaɗa, ya ja motocin mutum uku kafin Allah ya ba shi tasa. Matarsa ɗaya, Talatu, 'ya'ya shida, gona biyu da yake leƙawa da yamma, da tumaki huɗu a bayan gida.

Bai taɓa son bin layi a tasha ba. Shi nasa lodin a hanya yake. Da an sallame sallar asuba zai tayar da mota babu kowa a ciki, ya kama hanya duhu bai gama washewa ba. Wuri bakwai yake tsayawa, kowanne a bakin burtalin da ya fito daga wata ruga. Mata goma sha ɗaya masu nono ne fasinjojinsa na kullum, da ƙorensu, kujera ukun da suka rage kuma na wanda Allah ya kawo. Kafin rana ta fito sun isa Ajingi, nono da sanyinsa, masu saye suna jira. Daga nan ya yi lodin komawa Gaya, ya wuce gona.

Hon kuwa ba ya dannawa a wannan hanya. Tun farkon fara zuwansa Bappa, dattijon babbar rugar, ya roƙe shi ya bari, don lokacin tatsa ne, ƙarar tana firgita shanu su hana nono. Ya bari, bai sake ba.

Motar tana da suna, Harara-Garke. Wani bijimi ne ya taɓa tunkuyin fitilarta ta hagu, mai gyara ya ɗaure ta da waya, tun daga nan ta dama take kallon hanya, ta hagu take kallon sama, tana haska kan bishiyoyi. Gwadabe bai cika son sunan ba, amma sunan ya bi motar har tasha.

Da ya haura hamsin sai idonsa ya fara yi masa wasa. Da rana lafiya lau, yana iya zura zare a allura. Amma da duhu sai hanya ta zama kamar an shafa mata toka. Dundumi, in ji Talatu. Shi ya ce gajiya ce. Ana cikin wannan gardama, wata asuba ta damina, wani jaki ya kwanta a tsakiyar kwalta, Gwadabe bai gan shi ba sai da ya kusa hawa kansa. Ya take birki da ƙafa biyu. Jakin ya tashi ya yi tafiyarsa, amma ƙwarya biyar suka kife, nono ya malale har ƙarƙashin kujerar direba.

Goggo Hure, babbar masu nonon, wadda kujerar gaba tata ce ko ta zo ko ba ta zo ba, ta dube shi tana matse zani. Kakarsa Babarbariya ce, Goggo kuwa Bafulatana, don haka akwai wasa tsakaninsu.

"Babarbare, yau barci kake yi da ido buɗe?"

"Jakin ne baƙi, Goggo."

"Fari ne tas. Har ni da ba ni da lasin na gan shi."

Ya yi dariya tare da su, amma ya san ba abin dariya ba ne. In wannan magana ta kai tasha, an gama. Ba mai ba direba mai dundumi ransa da asuba, kuma in sammako ya kuɓuce masa ba shi da wani lodi. Ya kwana yana juyi, da safe ya ja rago ɗaya cikin tumakinsa ya sayar, ya nufi wurin Mus'ab mai wayarin a bakin tashar Gaya.

Mus'ab saurayi ne mai saurin hannu da saurin baki. Ya kunna fitilun, ya tsaya a gaba, ya riƙe ƙugu.

"Baba, da wannan kake tuƙi? Wannan ai aci-balbal ce. Wallahi tocilar wayata ta fi ta."

"Ni dai so nake in ga hanya."

"Za ka ga har abin da ba ka nema ba."

Ya cire tsofaffin ƙwayayen, ya sa farare na zamani guda biyu. Ya goge gilashin fitilun da suka yi yana har suka koma garau. Ya huda bamba ya ɗaura ƙanana biyu masu ruwan ɗorawa a ƙasa, ya ce waɗannan su ake kira fog, aikinsu su bi ƙasa-ƙasa su nuna gefen hanya in ana ruwa ko raɓa ta sauka. Ya ja musu waya tasu daban da fiyus ɗinsu, ya sa maɓalli kusa da sitiyari. Sannan ya kwance wayar nan da ta shekara da shekaru tana riƙe da idon hagu, ya sa noti. Da magariba ta yi ya sa Gwadabe ya fuskanci bango da motar, ya ja layi da gawayi, ya yi ta murɗa sukudireba har hasken biyu suka zauna a kan layin daidai wa daida.

"Kada ya wuce nan, Baba. In ya ɗaga sama, na gabanka zai makance ya shigo maka."

Fitila huɗu. Gwadabe ya zagaya motar sau biyu, ya ji kamar an mayar masa da shekara ashirin.

Washegari da asuba hanya ta buɗe masa kamar littafi. Ramukan da ya sani da jijjigar sitiyari yau ga su da idonsa, har da ruwan da ke ciki. Ga kwaɗi suna tsallaka kwalta. Ga gero da dawa sun yi tsayi a gefe biyu, kowane ganye da raɓarsa. Har waƙa ya fara yi ƙasa-ƙasa. Ya iso bakin burtalin farko, inda Goggo Hure da mata biyu suke hawa, ya tsaya.

Babu kowa.

Ya jira. Ya leƙa ta taga. Ya ƙara haske, ya rage. Gero kawai ke kaɗawa. Ya ce ko sun makara, ya ɗan ƙara jira, sannan ya ja. Burtali na biyu babu kowa. Na uku babu kowa. Har na bakwai ko akuya bai gani ba. Ya shiga Ajingi da kujera goma sha huɗu babu mai zama, ya tsaya ya rasa abin da zai sauke, ya yi lodin Gaya ya juyo.

Ya ce wa kansa biki ake yi a rugagen. Fulani in suna biki ba sa tuna kasuwa. Washegari ma haka, ya ce to rasuwa aka yi. Amma rasuwa a ruga bakwai lokaci guda? Ya ce sun yi ƙaura, sai ya tuna da damina ba a ƙaura, ga kashin shanu ɗanye a bakin kowane burtali, sabuwar fitilar tana nuna masa shi ɓaro-ɓaro. Ya ce fushin nonon da ya zube ne, amma ai ya ba da haƙuri, an yi dariya an rabu. A kowane burtali ya riƙa ƙara tsawon jira, yana juya hancin motar ya haska cikin burtalin sosai ko zai hango mai tahowa. Hannunsa ya kai kan hon ya dawo ya fi a ƙirga.

Sai wani tunani ya shige shi wanda ya hana shi cin tuwo. Kada dai idon ne ya ƙara lalacewa ta wata hanya? Yana ganin rami, yana ganin kwaɗo, amma mutum ya ɓace masa. Wa ya sani ko matan suna tsaye suna ɗaga masa hannu, shi yana kallon ta cikinsu?

Da asuba ya tashi Talatu.

"Fito ki tsaya a gaban mota."

"Malam, lafiya?"

"Ki dai tsaya."

Ta fito da mayafi, ta tsaya. Ya kunna duka huɗun. Ta kare fuska da hannu.

"Kina nan?"

"Ina zan tafi? Ka kashe mini ido!"

"Ɗaga hannu. Ɗayan. To ina ganinki."

"Alhamdu lillahi. In koma?"

"Matsa gefe, wajen darbejiya. Har yanzu ina ganinki."

"Malam, in asibiti ne mu tafi asibiti. Wannan ba gwaji ba ne."

Ya kashe fitilun ya zauna cikin duhu. Da bai gan ta ba da ya san ciwonsa. Yanzu ga ido, ga fitila, ga hanya, babu mutane.

Abin bai tsaya nan ba. Rannan da yamma yana dawowa daga gona ya tarar da wani mai shayi na Ajingi a ƙofar gida da lemo a leda, ya zo dubiya, wai an ce Gwadabe yana kwance. A tasha kuma wani ɗan kamasho ya tambaye shi nawa ya sayar da motar, alhali a jikinta yake jingine. Gwadabe ya dubi motar, ya dubi mutumin.

Ranar kasuwar Ajingi sai ya ƙi juyowa. Ya ajiye mota ya zauna a kan benci ya ce yau sai ya ga ƙarshen abin. Rana ta fito, ta ɗaga, hantsi ya yi. Sai ga bas ɗin Maiwada, wani direba da ke lodin safe daga Gaya, ta tsaya. Ƙofa ta buɗe, ƙore suka fara fitowa. Ya ƙirga mata goma sha ɗaya cif, Goggo Hure ce ta ƙarshe, fuskarta a murtuke.

Suka hangi juna lokaci ɗaya.

"Ina kuka shiga?"

"Ina ka shiga?"

"Ni? Kullum ina hanya!"

"Wace hanyar? Ta Makka? Babarbare, ka ji tsoron Allah. Kullum muna zaune har rana ta fito, nono ya yi tsami, masu sayenmu sun koma wajen wasu. Mun ce ko ciwo ne, har mun aika a duba ka."

"Goggo, wallahi ko yau na tsaya a bakin burtalinku. Na daɗe a tsaye."

"Yau? Yau ba abin da ya tsaya sai motar nan."

"Wace mota?"

Ta ajiye ƙwarya, ta rage murya, sauran matan suka matso.

"Wata mai ido huɗu. Biyu farare kamar walƙiya, biyu jajaye a ƙasa. Tun ranar da ka daina zuwa ta fara. Sai ta zo bakin burtali ta tsaya, ba ta magana, ba mai sauka. Kwanan nan har juyowa take ta leƙa cikin ruga. Bappa ya ce masu leƙen shanu ne. Samari sun daina barci. An gaya wa mai unguwa, 'yan sintiri sun ce gobe za su tare ta da itace."

Gwadabe ya koma kan bencin.

"Goggo, ni ne."

"Kai ne wa?"

"Mai ido huɗun."

Ta dube shi, ta dubi motar da ke ajiye a rana, fitilunta a kashe, kamanninta na nan yadda ta san su.

"Wannan ai Harara-Garke ce."

"Ita ce. Na sake mata fitila."

"Don me?"

"Don in gan ku."

"To ga shi ka gan mu."

Sai a nan, tsakanin dariya da salati, ya ji abin da bai taɓa sani ba duk tsawon shekarun nan. Matan ba sa tsayawa a bakin titi da duhu, ba su taɓa yi ba. A can ciki suke zama, bayan gonaki, inda ba a ganin kwalta. Kowace ruga tana da bishiyar da take kallo, ta su Hure tsamiya ce, ta gaba kuka. Da sun ga kan bishiyar ya yi haske sun san shi ne, don duk hanyar babu motar da ke haska sama sai tasa. Sai su ɗora gammo su fito, kafin ya iso suna bakin hanya. Shi kuwa duk zatonsa tun ɗazu suke tsaye suna jiransa.

Bai ɓata lokaci ba. Ya je wurin mai unguwa ya yi bayani aka janye maganar itace. Da magariba ya kai motar babbar ruga, Bappa ya tara mutanen rugagen bakwai, aka tsaya daga nesa, ya kunna. Biyu farare a sama, biyu ruwan ɗorawa a ƙasa. Ya matsa baya ya taho a hankali, ya sake, har sau uku, don kowa ya haddace. Aka shirya kowace ruga mace ɗaya za ta matso inda take hango hanya ta tsakanin karan gero, in ta ga huɗun ta kira saura. Bappa ya ba shi haƙuri, ya ba Bappa haƙuri, ba wanda ya san takamaimai laifin wa ake yafewa. Aka ba shi kindirmo ya sha ya tafi gida da sanyin zuciya.

Asuba biyu abin ya tafi daidai. A ta uku ya iso burtalin farko, babu kowa. Na biyu babu kowa. A na biyar ya hango jan wutar bayan wata mota tana tafe a gabansa, tana tsayawa tana tashi. Ya bi ta har Ajingi. Bas ɗin Maiwada ce, da fitila huɗu sababbi fil a goshinta, ga ƙore ana saukewa.

Goggo Hure ta sauko tana tafa hannu.

"Ido huɗu ka ce mana. Mun ga ido huɗu mun fito. Sai da na zauna na ga ba ƙeyarka ba ce."

Maiwada ya leƙo ta taga yana murmushi. "Yaya Gwadabe, ni hanya na bi, suka tsayar da ni. In ƙi su?"

Gwadabe ya ja mota sai wurin Mus'ab. Tun daga bakin gareji ya fara ƙirga: bas biyu, tifar yashi ɗaya, ƙaramar mota ɗaya, kowace an huda mata bamba ko ana hudawa.

"Baba na kaina!" in ji Mus'ab. "Kai ka buɗe mini kasuwa. Kowa ya zo sai ya ce irin ta Gwadabe."

"Mayar mini da ta hagu tana kallon sama."

"Haba Baba. Da wannan farin ƙwan? Duk wanda ya taho sai ya rufe ido. Ba da hannuna ba."

Gwadabe ya san gaskiya ce. Tsofaffin ƙwayaye kuwa ko kyauta ba zai mayar ba, ya riga ya ga yadda hanya take. Ya zauna a kan wata tsohuwar taya, ya zuba wa goshin motar ido. Da huɗu yana ganin hanya amma shi kamar kowa ne. Ya ƙirga su daga dama zuwa hagu, ya sake ƙirgawa daga hagu zuwa dama. Can ya miƙe.

"Cire ƙaramar ta hagu."

"Ta mutu ne?" Mus'ab ya danna maɓalli, ta kama. "Lafiyarta lau."

"Na sani. Cire."

"To in cire duka biyun mana, su yi daidai."

"Ɗaya. Ta dama ka bar mini, nan ne gefen daji, nan dabba ke fitowa."

"Baba, mutane za su ce aikina ne ya lalace."

"Ka ce musu ni ne na lalace."

Mus'ab ya kwance ta yana girgiza kai, ya naɗe bakin wayar, ya miƙa masa. Gwadabe ya sa ta a aljihun babbar riga, ya koma Ajingi kafin matan su watse, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga yatsu uku. Biyu a sama, ɗaya a ƙasa. In kun ga huɗu ku zauna. Wata ta tambaya in ta ga biyu fa, wata ta ce in babur biyu suka jero da mai tocila fa, ya ce su dai su riƙe uku.

A gida Talatu ta ga fitila a kan tabarma.

"Wannan fa?"

"Ta mota ce."

"Me take yi a ɗaki?"

"Hutawa."

Ta tura masa kwanon tuwo.

Da asuba an yi yayyafi. Ya kama hanya, gefen hagu ya ɗan rage haske amma kwalta tana nan a gabansa, gefen dama kuwa har tushen gero yana gani. Ya iso burtalin farko ya rage gudu. Babu kowa. Ya tsaya. Sai karan gero ya motsa, ƙwarya ta ɓullo, ta biyu, ta uku. Goggo Hure ba ta nufi ƙofa ba, sai da ta zagayo gaban motar, ta kare ido da hannu ɗaya, ta nuna fitilun da yatsa tana motsa baki. Sannan ta zo ta leƙa fuskarsa ta taga, ta buɗe ta zauna.

"Kai ne."

"Ni ne, Goggo."

Ta gyara ƙwaryar a cinyarta. Sai da suka ɗauki na burtali na biyu ta sake magana.

"To in Maiwada ya cire tasa ɗaya fa?"

Gwadabe ya kauce wa wani rami, ya sa giya.

"Sai mu sake zama," in ji shi. "Riƙe ƙwaryarki, akwai wani ramin a gaba."